Ranar da Amaro Ya Zauna a Cikin Kwando

Amaro Pestana mutum ne da ƙafarsa ta dama ba ta yarda da kowa ba. In ya shiga bas, ita take taka birki tun direba bai hango kwana ba. Motar ƙanin matarsa kuwa, sai da ƙafar nan ta huda shimfiɗar robar da ke gaban kujera, mai motar ya daina rage masa hanya. Ko a coci, in Fada ya ɗauko wa'azi da gudu, sai ka ji tafin takalmin Amaro yana gurzar daɓe a ƙarƙashin benci. Matarsa, Dona Zulmira, ta ce ita dai ta gaji da facin zanin gado a wuri ɗaya.

Ba laifin ƙafar ba ne, sana'a ce ta mayar da ita haka. Shekara talatin da ɗoriya Amaro ya yi yana tura kwando a unguwar Monte, can saman tudun da ya leƙo birnin Funchal da teku. Kwandon irin wanda kowa ya sani ne a tsibirin Madeira: saƙar tsumagiya, da kujera da matashi a ciki, an ɗora shi a kan katako biyu da aka shafe da kitse. Baƙi su zauna, maza biyu cikin fararen kaya da malafa su ja shi da igiya har ya kama gangara, sannan su ɗafe a bayansa, ƙafa ɗaya a kan katako, ɗaya a kan kwalta. Ba taya, ba sitiyari, birki kuwa tafin takalmi ne da aka yanko daga tsohuwar tayar mota. Amaro ne a dama, amininsa Tolentino a hagu. Haka suka fara tun suna da gashi a ka, haka kuma suka tsufa.

Gado ya yi. Ubansa ya tura kwando tun zamanin da in an kai ƙasa sai a saɓa shi a kafaɗa a hau tudu da shi, abin da ya sa tsohon ya mutu wuyansa a karkace, kamar mai sauraron gulma ta taga. Amaro bai sha wannan wahalar sosai ba, don a zamaninsa mota ke mayar da kwanduna sama. Abin da ya gada shi ne fuska. Komai gudu, komai santsin hanya, ba a taɓa ganin ko girarsa ta motsa ba.

Da yamma in an tashi aiki, a shagon da matura kwando ke haɗuwa, Amaro ne mai ba da dariya, kuma wasansa ɗaya ne, kwaikwayon ihun baƙi. Mutumin Ingila, in ji shi, yana ihu yana ba da haƙuri. Bajamushe ba ya ihu sai an iso kwanar da littafinsa ya ce a yi ihu. Mutanen Sifen tun ba a ja igiya ba suke farawa. Su kuwa 'yan Lisbon, babban birnin ƙasar, ga taƙama ga ɗaga hanci, wai ai wannan wasan yara ne, sai an zo kwana ta biyu ka ji ƙato da gemunsa yana kiran uwarsa. Amaro zai damƙe kujera da hannu biyu, ya zare ido, ya saki wata siririyar murya, har mai shago ya ajiye kofi yana share hawaye.

Abin da bai taɓa faɗa a shagon nan ba shi ne, shi kansa bai taɓa zama a cikin kwando ba. Ko wanda aka jingine a inuwa ba ya yarda ya ɗora mazaunansa a kai. Ba tudu yake tsoro ba, ba kuma gudu ba. Damuwarsa ita ce ya san abin da ke bayan kwandon. Baƙo yana zaune ne cikin rashin sani, yana zaton wasu gwanaye ne ke riƙe da ransa. Amaro kuwa ya san Tolentino ne. Ya san in Tolentino zai yi atishawa sai ya rufe ido ya saki hannu ɗaya. Ya san in wata ta gifta da jan siket, wuyan Tolentino sai ya raka ta har ƙofar gida. Mutum ya san wannan duka, sannan ya naɗe ƙafafu ya zauna?

Ita ma Zulmira a kan baƙi ta ƙarar da ƙuruciyarta, amma ta bayan bango. A kicin ɗin wani otal ta yi aiki, tana soya kifin espada da ayaba daga safe har yamma. Ba ta taɓa ganin fuskar masu ci ba, sai faranti in ya dawo. Ta abin da suka rage ta san halinsu.

'Ya ɗaya suka haifa, Lidia. Tolentino ne uban baftismarta, shi ya sa har yau shi da Amaro ba sa kiran juna da suna, sai kompadre. Yarinyar ta sha shiga kwando da sassafe kafin baƙi su taru, tana ɗaga hannu biyu sama, ba ta riƙe komai. A gida kuma sai ta saka kyanwa a kwandon wanki ta tura ta gangaren tsakar gida, in kyanwar ta yi tsalle ta fice ta bi ta da faɗa. Wata rana ta tsare ubanta, wai yaushe su uku, da uwarta, za su zauna a kwando kamar baƙi, ita a tsakiya? Amaro ya ce ranar da ya ajiye aiki. Hankali kwance ya faɗa, don a ganinsa wannan rana ba mai zuwa ba ce. Lidia tana da shekara bakwai zazzaɓi ya kama ta a lokacin sanyi, ba ta tashi ba. Hotonta yana bangon falo kusa da agogo. Ba su cika maganarta ba, amma ƙura ba ta taɓa kwana a kan gilashin nan ba.

Gwiwa ce ta kawo ranar. Likita ya latsa ta, ya ji ƙarar da ta yi, ya ce ya isa haka. Amaro ya miƙa igiyarsa, aka ci aka sha a shago, ya yi musu kwaikwayon ɗan Lisbon na ban kwana, ya dawo gida. Washegari da safe ya laluba ƙarƙashin gado ya ji wayam.

"Ke tsohuwa, ina takalmina?"

"Shi ma ya yi ritaya," in ji Zulmira daga gaban madubi.

A kan gado an shimfiɗa gajeren wando mai aljihu ta ko'ina, da riga mai hoton aku, da farar safa, da sandal.

"Kayan wane ne waɗannan? Wani Bajamushe ne ya mutu a gidan nan?"

"Naka ne. Yau mu baƙi ne. Na gaji da soya wa mutane kifi ina kallon bango, yau zama zan yi a kawo mini. Za mu zaga gari, mu ci abinci, mu ɗau hoto, sannan mu hau Monte mu sauko a kwando."

"A me?"

"Ka ji ni sarai. Na gaya wa kompadre Tolentino. Shi da Baltazar za su tura mu."

Baltazar wani ƙato ne a cikin matura kwando, wanda ya taɓa shigar da ango da amarya cikin lambun kabejin mutane, ya kuma fito yana cewa kabejin ne ya tare hanya.

"Gwiwata, Zulmira."

"Ba a zama da gwiwa." Ta gyara wata faffaɗar hula a kanta. "Kai ka ce ranar da ka ajiye aiki."

Ba ta kalli bangon falo ba, shi ma bai kalla ba. Ya ɗauki wandon ya saka. Ƙafafun da rana ba ta taɓa gani ba suka fito fari fat, kamar an fere rogo. Da suka fita, karen maƙwabta da ya san Amaro tun yana ɗan kwikwiyo ya bi shi da haushi har bakin titi.

A cikin bas ɗin sauka gari, yana tsaye yana taka birki da sandal, dabara ta zo masa. Kwanduna suna tashi aiki kafin rana ta faɗi. In ya iya jan yinin nan har su tarar an kwashe su, shi ke nan. Gobe kuma Allah ya kawo ruwan sama, jibi gwiwa ta kumbura, a haka har maganar ta bi iska, ya mutu da sunansa na wanda girarsa ba ta motsi.

Saboda haka Amaro, wanda tun yana yaro yake wucewa ta ƙofar babban cocin gari bai taɓa ɗaga kai ya kalli rufinsa ba, yau ya tsaya a tsakiya ya kafe ido a kan sassaƙar katako har wuyansa ya fara kama da na ubansa. Daga nan ya ja matarsa zuwa tsohuwar ganuwar bakin teku, wadda aka gina don korar 'yan fashin ruwa. Suka tarar da wata 'yar jagora tana yi wa ayarin baƙi bayani, ya kutsa har gaba.

"'Yata, wannan igwar, ita da waccan 'yan uwa ne?"

Yarinyar ta ce ba ta sani ba.

"To wace ce babba a cikinsu? 'Yan fashin nan kuma, da suka zo, ta wace ƙofa suka shigo? Sun ci abinci kafin su fara, ko sai da suka gama?"

Baƙi suka fara duba agogo. Zulmira ta kamo shi ta aljihu ɗaya daga cikin aljihunan wandon.

"Tsoho, tun yaushe ka fara son tarihi?"

"Tun da aka yanke mini wando."

A tsohuwar unguwa suka zauna cin abinci, a teburin waje, ƙarƙashin laima. Mai kawo abinci ya dubi safa da sandal, ya gaishe su da Turanci. Daɗi ya kama Zulmira. Ta ƙi buɗe baki, sai nuni take da yatsa tana murmushi, kamar yadda ta ji ana cewa baƙi na yi. Aka kawo gurasar dankali da zafinta, man shanu da tafarnuwa na tsiyaya ta gefe. Aka kawo katantanwar teku tana ƙara a kasko, da yankan lemon tsami. Amaro ya riƙa ɗaukar su ɗaya ɗaya, ya duba gaba, ya duba baya, ya tauna kamar mai ciwon haƙori.

Sannan aka kawo espada da ayaba. Zulmira ta daɗe tana kallon farantin. A gida da albasa da soyayyen tuwon masara take cin kifin nan, kamar yadda uwarta ta ci. Haɗa shi da ayaba kuwa abin baƙi ne, ta soya ba adadi amma ba ta taɓa kai shi baki ba. Ta yanka, ta tauna, ta ajiye cokali.

"Wannan nake ba bayin Allah duk shekarun nan?"

"Ba daɗi?"

"Da daɗi mana, shi ne abin haushin." Ta ƙara wata loma, sai fuskarta ta canza. Ta manta ita baƙuwa ce, ta ɗaga murya da harshen unguwarsu tsantsa. "Kai ɗana, zo nan! Wa ke kicin ɗin nan? Mai bai yi zafi ba ya jefa kifi, ayabar kuma ta nuna har ta fara tunanin lahira!"

Saura kaɗan mai kawo abinci ya yar da tire. Kafin ya rufe baki ta miƙe da hularta ta shige kicin. Amaro ya ji ƙarar kasko, ya ji muryar namiji ta tashi, ya ji ta kwanta. Ya gode wa Allah, ya ce a kawo masa tsire, irin wanda ake soke wa a reshe mai ƙamshi, da soyayyen tuwon masara, da miyar tumatir da ƙwai a ciki. Ba yunwa yake ji ba, rana yake ci. Da Zulmira ta fito, goshinta da gumi, mai dafa abinci na biye da ita yana kiranta Dona, wato uwargida, yana godiya, ta tarar mijinta ya kwance maɓallin wando yana kallon inuwar laima, yana auna inda ta kai.

Ba ta kai inda yake so ba. Ya ce ai baƙo ba ya barin gari bai shiga kasuwa ba. A kasuwa ya tsaya gaban kowane tebur, ya tambayi sunan 'ya'yan itatuwan da ke bayan gidansa, ya ɗanɗana, ya yi mamaki. Ya sayi nonon ayaba guda, da tulun zumar rake, da kek ɗin zumar rake irin wanda ba a sa masa wuƙa sai dai a gutsura da hannu. Da suka gangara wajen masu kifi, an fara wanke tebura, espada ɗaya ta rage a kan dutse: baƙa ƙirin, doguwa kamar ɗamara, ido kamar gindin kofi, baki a buɗe da haƙora irin na zarto. Nan dabara ta biyu ta zo masa, wadda ta fi ta farko kyau.

"A yanka?" in ji mai kifi.

"Bar ta yadda Allah ya yi ta."

Mai kifi ya naɗe tsakiyarta da takarda, kai da wutsiya a waje. Amaro ya rungume ta, ya juyo da fuskar tausayi.

"Kash! Zulmira, kin ga abin da na yi? Kifi ba ya jira da zafin nan. Dole mu wuce gida, Monte sai wani jiƙon."

"Gaskiyarka, kifi ba ya jira," in ji ta. "Ina gidanmu yake?"

Sai a lokacin Amaro ya tuna. Gidansu yana ƙasan gangaren Monte ne, 'yar tafiya kaɗan daga inda kwanduna ke tsayawa. Shekara da shekaru yana alfahari a shago cewa daga Monte ba abin da ya kai kwando saurin kai mutum ƙofar gidansa.

Suka hau tudu a akwatin gilashin nan mai rataye a waya. Gidaje masu jan rufi da gonakin ayaba suna wucewa ta ƙarƙashinsu, Zulmira na nuna masa otal ɗin da ta yi aiki, shi kuwa sandal ɗinsa na gurzar ƙasan akwati.

"Hawa muke yi, tsoho. Birkin me kake takawa?"

Amma da ya dubi rana sai ya ji sanyi a ransa. Ta yi ƙasa sosai. Ya san a irin wannan lokaci an riga an loda kwanduna, kowa ya kama hanyar shago. Har ya fara shirya fuskar baƙin cikin da zai nuna.

Suka zagayo ta ƙasan matakalar coci. Ga matura kwando nan kaf, cikin fararen kayansu, a jere a kan katanga, ba wanda ya tafi. A tsakiyar titi kwando ɗaya, Baltazar ya durƙusa yana goga wa katakonsa kitse da tsumma.

Suka hango shi. Sai katangar ta fashe da dariya.

"Kompadre!" in ji Tolentino. "Wa ya sace maka rabin wando?"

"Sannu da zuwa, Mista! Daga wace ƙasa?"

"A rufe ƙafafun nan, kada su kashe wa direbobi ido!"

"Wace ce amaryar, ta hular ko baƙar da ka rungume?"

Amaro ya nufi tsakiyar titi. Ya ajiye kaya, ya zagaya kwandon, ya ja igiya, ya ƙwanƙwasa katako. Ya ce Tolentino ya ɗaga ƙafa ya ga tafin takalminsa, kamar mai sayen jaki.

"Ka yi atishawa yau?"

"Tun safe ban yi ba, kompadre. Tana nan tana taruwa."

"Kai kuma Baltazar, kitsen nan ya isa! Soya mu za ka yi?"

Zulmira ta riga ta shiga, ta zauna can gefen hagu, ta ɗaure igiyar hularta a haɓa. Amaro ya ɗauko tulu da kifi zai jibge a tsakiyar kujera, sai ta ɗora tafin hannunta a wurin.

"Nan da mai shi."

Ya tsaya da kifi a hannu. Surutun katanga ya ragu, don tsofaffin cikinsu sun san yarinyar. Tolentino ya cire malafa ya shiga duba cikinta kamar ya yar da wani abu. Amaro ya sunkuya kusa da kunnen matarsa.

"Zulmira, ni fa ban taɓa..."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin aure. Lidia ma ta sani. Me kake zato ya sa ta ce ita ce a tsakiya? Cewa ta yi in ba a riƙe maka hannu ba za ka yi tsalle kamar kyanwa."

Amaro ya dubi gangaren. Ya san kowane faci na kwaltar nan, amma bai taɓa ganinta daga nan ƙasa ba, inda hanya take kama da rijiya. Ya shiga, ya zauna can gefen dama. Ayaba ta tafi tsakanin ƙafafunsa, kek a cinya, tulu a hammata, kifi kuwa ba inda zai kwanta, sai ya tsayar da shi a ƙirji, kan kifin daidai kunnensa.

Tolentino ya ɗan ja igiya ya ji nauyi, ya yi fito.

"Kompadre, me ka ci haka? Ba kai ka koya mini cewa kwando mai nauyi ya fi gudu ba?"

Nan Amaro ya tuna tsire, da tuwo, da miya, da tulu, da nonon ayaba. Da hannunsa ya yi wa kansa lodi.

Waɗanda suka shaida abin sun ce ihun ya bi ƙasashe a jere. Tun ba a ja igiya ba ya fara, kamar mutumin Sifen. Da kwando ya kama gangara ya koma ba da haƙuri, ya nemi gafarar Zulmira, da ta Fada, da ta ƙanin matarsa a kan shimfiɗar mota. A kwana ta farko ya tuna shi gwani ne, ya shiga ba da umarni.

"Taka, Baltazar! Taka, ɗan banza! Hagu! Na ce hagu, kabeji ne a gabanka!"

"Baƙo ba ya tuƙi, Mista!" in ji Baltazar daga baya.

Ƙafar dama kuwa aikinta take yi. Ba ta sami kwalta ba, ta sami ayaba, ta taka ta har ta zama kunu, ya tsattsafo ta tsakanin sandal da safa. A kwana ta biyu, inda 'yan Lisbon ke kiran uwa, Amaro ya kira tasa da cikakken sunanta, ita da ta rasu tun yana saurayi. Daidai nan atishawar Tolentino ta iso. Kwando ya juya ya tafi a karkace, wutsiyar kifi ta mari Baltazar, murfin tulu ya yi nasa wuri. Mai hoton da ke tsayawa a bakin kwanar, wanda shi ma ya ƙi tashi aiki saboda wannan rana, ya danna abinsa.

Zulmira dariya take har hularta ta koma ƙeya. Amma hannunta ɗaya yana kan kujerar tsakiya, kuma wani lokaci bayan kwanar nan Amaro ya ji nasa hannun ya sauka a wurin, nata ya rufe shi. Ya buɗe ido. Duk shekarun nan kwalta yake kallo da ƙeyar baƙi. Ashe daga kujera ana ganin gari gaba ɗaya ya gangara har bakin ruwa, da wani farin jirgi a tasha, da teku ta yi ja saboda yamma. Ya kalla sosai. Bai daina ihu ba, amma ya kalla.

Da kwando ya tsaya a ƙasa, sauran matura sun riga sun iso a motar ɗaukar kwanduna, suna jere suna jira. Amaro ya fito a hankali, zumar rake na bin ƙafarsa fara, kifi na rungume. Ya gyara rigar aku, ya daidaita gira, ya dubi amininsa.

"Ka makara da taka ƙafa a kwana ta biyu."

"Na ji kana kiran marigayiya ne, kompadre, na tsaya in ga ko za ta amsa."

A daren suka ci kifin da albasa, su da Tolentino da Baltazar. Ayaba dai ba ta samu ba.

Yanzu Amaro ba shi da aiki sai ban ruwan lambu da zuwa shago da yamma. Wasan kwaikwayon ihu ya koma hannun Tolentino, kuma ƙasa ɗaya ta ƙaru a kan na da, ana ce mata mutumin Monte. Amaro yakan zauna ya kalla da fuskar nan tasa, in an gama ya ce ba haka ya yi ba, muryar ta fi haka tsini, sai ya tashi ya nuna musu yadda ake yi. Ƙafar dama har yau tana taka birki a bas. Zulmira ta mayar masa da takalminsa, amma ta ce zanin gado ya ɗan huta.

Hoton yana bangon falo, ƙasan agogo, kusa da na Lidia. A gefe ɗaya Zulmira ce, hula a ƙeya, tana dariya. A ɗaya gefen kawuna biyu ne kunci da kunci, ido a zare, baki a wangame, sai ka matsa kusa kake gane wane ne kifin. In baƙo ya zo gidan yakan yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ƙara dubawa ya tambaya, me ya sa suka zauna nesa da juna haka, ko faɗa suka yi ranar?

Amaro yakan ce a'a, kwandon na mutum uku ne. Sai ya gutsuro kek da hannu ya miƙa masa.